Shukar Da Ta Raba Aure Tun Kafin A Ɗaura

 A wannan fitowar na ajiye alƙalamin ƙagaggen labari, domin abin da zan ba ku a gabana aka yi shi, kuma wadda abin ya faru da ita ƙawata ce ta ƙud da ƙud tun muna aji ɗaya a sakandare. Ita da kanta ta ce in rubuta, da sharaɗin kada in kama sunanta ko unguwarsu. Ta ce ko mutum ɗaya ce ta karanta ta tsira, to kukan da ta sha bai tafi a banza ba.

Ƙawar nan tawa tana da wani saurayi, ɗan gayu, mai fara'a, mai sakin hannu. An kai kuɗin gaisuwa, har an fara maganar sa rana. Wata rana da daddare ya zo zance sai ya miƙo mata wani ɗan ƙullin takarda. Ta kwance ta ga waɗansu 'yan ƙwayoyin iri masu ruwan toka da ɗigo-ɗigon baƙi, ba su kai girman wake ba. Ya ce mata, "Furen Indiya ne, wani abokina ya kawo min. Ki shuka mana a bayan ɗakin Umma, kafin bikinmu ya yi girma, sai mu tafi da shi gidanmu."

To 'yar uwa, wace budurwa ce za ta ji wannan magana zuciyarta ba ta narke ba? Ta shuka, tana ba shi ruwa safe da yamma kamar mai renon jariri. Ya tsiro, ya yi ganye mai yatsu kamar tafin hannu, gefen kowane yatsa da tsaga-tsaga irin ta zarto. Umma ta gani ta ce, "Ke kuma yaushe kika fara noman rama?" Aka yi dariya aka wuce. Shi kuwa gogan kullum ya zo, kafin ya tambayi lafiyarta sai ya tambayi lafiyar shukarsa.

Bayan kamar wata biyu sai wani irin wari mai nauyi ya fara tashi a bayan ɗakin, fure kuma shiru. Ana cikin haka ƙanen Umma, wanda malamin gona ne, ya zo gaishe ta. Ya zaga zai yi alwala, sai aka ji ya yi salati da ƙarfi. Ya dawo tsakar gida jikinsa na rawa ya ce, "Yaya, wa ya shuka muku wannan bala'i a gida?" Umma ta ce, "Wane bala'i kuma? Ramar yarinyar nan?" Ya ce, "Wallahi Yaya wannan ba rama ba ce, tabar wiwi ce. Da hukuma ta riga ni gani, da yau maigidan nan ba a gida zai kwana ba."

Ƙawata ta ce min a lokacin ji ta yi kamar ƙasa ta tsage ta shige. Kawu ya kira ta ya ce, "Zo nan, faɗa min gaskiya, wa ya ba ki?" Ta durƙusa tana kuka ta ce, "Kawu, don Allah ka yafe ni, wallahi cewa ya yi fure ne." A ranar aka tuge shukar aka ƙone ta ƙurmus. Da manya suka bincika sai aka tarar yaron ya fi shekara 4 yana sha. Ya rasa inda zai shuka a gidansu ne saboda tsoron mahaifinsa, shi ne ya ga babu wanda zai zargi gidan mutunci irin nasu. Aka mayar musu da kayansu.

Tun daga ranar na ɗauri aniyar sanin wannan ganye ciki da waje, ga kuma abin da na samo muku.

MECE CE INDIKA?

Tabar wiwi ba asalin tsiron ƙasarmu ba ce, daga nahiyar Asiya ta fito. A shekarar 1753 wani masanin tsirrai ɗan ƙasar Suwidin mai suna Linnaeus ya raɗa wa wadda ya sani suna satiba. Ita doguwa ce, ganyenta sirara, a Turai ana nomanta ne don a yi igiya da tufafi da ɓawonta. A 1785 kuma wani Bafaranshe mai suna Lamarck ya ga wata irin da aka kawo daga Indiya, mai sa maye, sai ya kira ta indika, wato ta Indiya.

Wadda masu sha da masu sayarwa suke kira indika a yau gajeriya ce, mai cunkoson rassa da faffaɗan ganye kore shar. Tushenta yankin duwatsun Hindu Kush ne, tsakanin Afganistan da Pakistan, inda sanyi ke saurin shigowa, shi ya sa take saurin nuna fiye da doguwar. Mutanen can sun daɗe suna tara ƙaron da ke jikin furenta suna yin abin da ake kira hashish.

Wani abin mamaki shi ne tsiron yana da mace yana da namiji, kowanne da gindinsa daban. Kuma furen macen ba irin furen da muka sani ba ne mai launi da ƙamshi, wani curi ne kore mai danƙo da wari. To a cikin wannan danƙon ne dafin ya fi taruwa. Kin ga ke nan furen da ƙawata take jira har abada ba zai fito ba.

Kada kuma ku ga wautar Umma da ta ce rama ce. Kamannin ganyen biyu ya kai har masana da kansu suka sa wa rama sunan kimiyya mai ma'anar mai kama da wiwi. Bambancin da za ki riƙe shi ne rama tana yin babban fure mai ruwan ɗorawa-ɗorawa da jan tsakiya, ganyenta kuma yana da tsami, ba shi da wari. Ita kuwa wiwi yatsun ganyenta a rarrabe suke tun daga tushe, yawanci 5 ko 7 ko 9, kuma idan ta girma warinta kaɗai ya isa ya tona mata asiri.

YADDA TA SHIGO MANA

Masu tarihi sun ce shan wiwi ya bazu a Najeriya ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wanda ya ƙare a 1945. Turawan Ingila sun kwashi sojoji daga nan Afirka ta Yamma, cikinsu da kakanninmu Hausawa masu yawa, suka kai su Indiya da ƙasar Bama, wadda yanzu ake kira Myanmar. Ana danganta yaɗuwar irin da waɗansu daga cikin sojojin da suka dawo, da kuma ma'aikatan jiragen ruwa masu sauka a Ikko. Ƙasarmu kuwa ta karɓe ta. A yau an fi nomanta a ɓoye cikin dazuzzukan jihohin Ondo da Edo da Delta da Osun da Ekiti, daga can ake lodo ta zuwa Arewa.

Hukuma ba ta taɓa ɗaukar abin da wasa ba. A 1966 gwamnatin soja ta kafa doka wadda ta tanadi hukuncin kisa ko ɗaurin da bai gaza shekara 21 ba ga wanda ya noma ta. An yi wa dokar gyare-gyare daga baya, amma har gobe shuka wiwi babban laifi ne mai kai mutum kurkuku na shekaru masu yawa. A 1989 aka kafa hukumar NDLEA don yaƙi da miyagun ƙwayoyi. Ki sani 'yar uwa, ranar da jami'ai suka tarar da ita a gidanku, ba wanda ya ba ki irin za su fara nema ba. Mai gidan da mai ba ta ruwa su za a tasa a gaba, sai ku je can ku yi bayanin furen Indiya.

Wataƙila wani ya ce miki ai an halatta ta a ƙasashen waje. Gaskiya ne ƙasar Uruguay ta halatta a 2013, Kanada ta bi baya a 2018. Amma ko a can an haramta sayar wa yara, kuma likitocinsu ba su daina gargaɗi ba. Mu dai a nan doka ta hana, addini ya hana, domin malamanmu sun haɗu a kan cewa duk abin da ke gusar da hankali haramun ne.

ABIN DA TAKE YI A JIKI

Sinadarin da ke sa maye a cikinta sunansa THC. Waɗansu masana biyu, Mechoulam da Gaoni, su ne suka tace shi suka gano siffarsa a 1964. Idan mutum ya zuƙi hayaƙin, cikin 'yan mintoci sinadarin ya bi jini ya isa ƙwaƙwalwa, ya je ya maƙale a wuraren da ke kula da tunani, da riƙe abu a ka, da jin daɗi, da daidaita tafiya. Mayen yakan ɗauki awa 2 zuwa 3.

Alamomin ba ɓoyayyu ba ne. Ido ya yi ja, baki ya bushe, zuciya ta riƙa bugawa da sauri, ga yunwa kamar an yi sata a ciki. Mutum ya yi ta dariya ba dalili, ko ya fara magana ya manta inda ya dosa. Lokaci ya riƙa yi masa tsawo. Wani kuma maimakon daɗi sai tsoro ya kama shi, ya ga kamar kowa maganarsa yake yi.

Masu tallar indika suna cewa ita ba ta haukatarwa, kwantar da jiki kawai take yi ta sa barci, wai satiba ce mai tayar da kai. Wannan zance ne na 'yan kasuwa. An riga an cakuɗa ire-iren nan shekara da shekaru, kuma binciken masana ya nuna sunan da aka liƙa wa ganye ba ya nuna abin da ke cikinsa. Abin da ke aiki shi ne yawan THC, shi kuwa ƙaruwa yake yi. A Amurka, wadda hukuma ke kamawa a 1995 tana ɗauke da kusan kashi 4 cikin 100, amma zuwa 2014 ta kai kusan kashi 12. Irin waɗannan masu ƙarfi ne ake satar shigowa da su ƙasar nan, samari suna kiransu Loud. Akwai kuma wadda suke kira Colorado, wadda sau da yawa ganye ne aka fesa wa sinadarin da aka haɗa, ita kam takan sa mutum ya faɗi yana shure-shure.

Sannan ku yi hattara da abin da ake ba ku a wajen fati ko bikin ƙawaye. Ana sa wiwi a cikin kek ko abin sha. Ta ciki ta fi ta hayaƙi sharri, domin takan yi minti 30 har zuwa awa 2 kafin ta fara aiki. Yarinya za ta ci ta ji shiru ta ƙara, sai daga baya abin ya rufto mata gaba ɗaya, a wurin da ba ta da kowa nata. Abin da kan biyo baya ba sai na faɗa ba. Allah Ya tsare mana mutuncinmu.

ILLAR DA BA A GANI DA WURI

Za ki ji ana cewa ai ganye ne, ba ya kama mutum. Ƙarya ne. Likitoci sun ƙiyasta cewa cikin mutum 10 da suka fara sha, kusan 1 zai kasa dainawa. Idan kuma tun yana ɗan shekara goma sha aka fara, to 1 ne cikin 6. Dalili kuwa ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25, ginin da bai bushe ba kuwa ko yatsa aka sa masa sai ya bar shaida. Shi ya sa ɗalibin da ke sha yake karatu da daddare, da safe ya nemi abin da ya karanta ya rasa.

Wanda ta riga ta kama, ranar da bai samu ba sai ki ga ya zama wani mutum daban. Faɗa ba dalili, rashin barci, rashin cin abinci, ƙunci. Wannan yakan fara bayan kwana 1 ko 2 da dainawa, ya ɗauki mako 1 zuwa 2. To ki auna da kanki, idan kina gidansa ranar da aljihu ya bushe, a kan wa zai sauke?

Babbar illar ita ce taɓin hankali. A 1987 aka fitar da sakamakon wani bincike a Suwidin, inda aka bi rayuwar samari fiye da 45,000 da aka ɗauka aikin soja har tsawon shekara 15. Waɗanda suka sha wiwi fiye da sau 50 sun ninka waɗanda ba su taɓa sha ba kusan sau 6 wajen kamuwa da ciwon hauka mai sa jin muryoyi da ganin abin da babu. Wani binciken da aka fitar a 2019, wanda aka yi a birane da dama na Turai da kuma Brazil, ya nuna mai sha kullum ya ninka wanda ba ya sha kusan sau 3 wajen haɗarin taɓuwa, idan kuma mai ƙarfin yake sha kullum, kusan sau 5. Ba kowane mashayi ne ke haukacewa ba, wannan gaskiya ne. Amma babu wanda aka rubuta wa a goshi cewa shi zai tsira, kuma wanda ake da ciwon a danginsu ya fi kowa shiga haɗari.

Mu mata kuma muna da namu ƙarin. THC yana ratsa mahaifa ya isa ga ɗan tayi, kuma an danganta shan wiwi lokacin goyon ciki da haihuwar jariri marar nauyi. Yana kuma shiga ruwan nono, har an same shi a ciki bayan kwana 6 da sha. Don haka duk wadda ta ce miki maganin laulayi ne ko maganin ciwon mara, ba ƙaunarki take yi ba.

Akwai dai magani na gaskiya da aka samo daga tsiron. A 2018 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wani da aka tace daga wani sinadarin nata marar sa maye, don waɗansu nau'o'in farfaɗiya masu tsanani na yara. Amma wannan likita ne ke rubutawa da awo, ba shi da haɗi da abin da ake naɗewa a takarda a bayan kango.

BA MAZA KAƊAI BA

Kada mu ce wannan matsalar 'yan daba ce da 'yan tasha. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi, na shekarar 2018, ya nuna mutum miliyan 14.3 ne 'yan shekara 15 zuwa 64 suka yi ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a Najeriya. Cikinsu miliyan 10.6 wiwi suke sha. A jihar Kano kaɗai an ƙiyasta mutum fiye da miliyan 1. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne, cikin kowane mutum 4 masu shaye-shaye, 1 mace ce. A shekarar ce ma gwamnati ta hana shigo da maganin tari mai kodin da haɗa shi, bayan an ga yadda ya yi wa matasa, har da 'yammata da matan aure, kamun kazar kuku.

Yawancinmu kuma ba a tasha muke koya ba. Daga hannun wanda muke so ake farawa, ko ƙawar da muka yarda da ita. "Ɗan ja sau ɗaya, damuwarki za ta tafi." Damuwar ba ta tafiya ko'ina, tana nan tana jiranki, ta kuma samu ƙanwa.

SHAWARATA GARE KI

Na farko, kada ki karɓi ajiyar abin da ba ki san ko mene ne ba, ko iri ne, ko ƙulli, ko jaka, komai son da kike yi wa mai shi. Wanda ke sonki da gaskiya ba zai ɓoye wutarsa a zaninki ba.

Na biyu, ki buɗe ido lokacin zance. So hana ganin laifi ne, na sani, amma ki lura. Jan ido kullum, baƙin gilashi da daddare, turare mai yawa da cingam don danne wari, yau fara'a gobe hargagi, yawan rance, alƙawarin da ba ya cikawa. Ɗaya daga ciki ba hujja ba ce, kada ki yi wa bawan Allah ƙazafi. Amma idan suka taru, ki gaya wa Umma ko yayanki a bincika. Binciken da iyaye ke yi kafin aure gata ne, ba tsangwama ba. Janar Buba Marwa, wanda aka naɗa shugaban NDLEA a 2021, ya sha yin kira da a riƙa gwajin ƙwaya kafin a ɗaura aure, kuma ni ban ga aibin hakan ba.

Na uku, ki cire wa ranki cewa ke ce za ki gyara shi bayan aure. Mata nawa suka shiga da wannan niyya suka fito da yara da tabo? Idan da gaske yake, ya daina tun yanzu, ya nemi magani, a gani a ƙasa.

Na huɗu, idan ɗan uwanki ne ko ƙawarki, ko ma ke kanki, to ba a yanke ƙauna. Ciwo ne, kuma yana da magani. Akwai asibitin masu taɓin hankali na Dawanau a Kano, da na gwamnatin tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri. Ofisoshin NDLEA na jihohi ma suna da sashen ba da shawara. Ɗaure mutum da mari da duka ba ya cire ƙwaya daga jini, likita da addu'a da haƙurin dangi su ne ke aiki. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ƙawata ta yi wata da watanni tana kuka, har ta rame. Ta ce min abin da ya fi ƙona mata rai ba fasa auren ba ne, tunawa da yadda take tashi da asuba tana ba shukar nan ruwa da hannunta, tana yi mata addu'ar ta yi kyau. Yanzu ta koma karatu, tana shekara ta biyu a makarantar koyon aikin jinya. A wurin da aka tuge wiwin kuwa Umma ta shuka rama ta gaske, ranar da na je har kwaɗonta aka yi mana.

Shi kuma yaron, labarin da ya iso mana shi ne iyayensa sun kai shi asibiti. Muna yi masa addu'ar Allah Ya ba shi lafiya Ya shirye shi, domin shi ma ɗan wata ne.

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya haɗa mu da mazaje na gari, Ya kare mana ƙannenmu da zuriyarmu, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba idan mai kowa mai komai Ya kai mu.

Taku har kullum.